Hausar Faɗa a Gidan Tela

"Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?"

"Ni kike tambaya? Ni sa'anki ne?"

"Au, ina magana kana magana?"

"Kunnenki na ado ne? Sau nawa zan faɗa?"

"To, bari in taso."

"Taso mana. Ƙafarki ciwo take?"

Duk wanda ya hau matattakalar benen nan ya ji wannan ta bayan ƙofa ta huɗu, zai rantse wasu tsofaffi biyu ne da suka shekara arba'in suna jin haushin juna. In ya leƙa kuwa, yara biyu zai gani kwance a kan kafet, suna haɗa jirgin ƙasa na roba suna ƙyalƙyala dariya. Babbar shekararta tara, ana ce mata Lauya don ba a taɓa ba ta umarni ba ta nemi dalili ba. Ƙaramin shekararsa shida, shi ne Auta. Ba faɗa suke yi ba. Hira suke yi da Hausa, kuma iyakar Hausar da suka iya ke nan.

Uwarsu ita ce Tela. Shagonta na ƙasan benen, tsakanin kantin magani da mai gyaran waya, ɗan wuri ne da in ta ware hannu biyu sai ta taɓa bango da bango. Ba ta ɗinka sabo, gyara take yi: ta canza zif, ta kalmashe ƙafar wando, ta rage ƙugu, ta saki hammata. Tef ɗin awo a wuya, alli a bayan kunne, fil uku ko huɗu a gefen baki, kuma da su a bakin take magana ba ta taɓa haɗiye ko ɗaya ba. Kallo ɗaya take yi wa mutum ta faɗi awonsa. In mace ta shigo ta ce siket ne ya tsuke a wanki, Tela sai ta gyaɗa kai ta ce lallai ruwan garin nan ba shi da kirki, ta ƙara inci biyu ba tare da ta ce komai ba.

A gaban keken mahaifiyarta ta koyi ɗinki, tun ƙafarta ba ta kai wurin takawa ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce ta biyo mijinta, direban bas, zuwa garin da ba wanda ke jin Hausa a kan titi. Ba ta shiga aji ba, a bakin masu kawo gyara ta kwashi yaren garin. Su kuwa masu kawo gyara da lallami suke zuwa. Don haka abin da ta fara iyawa shi ne "madalla," da "ya yi miki kyau," da "kada ki damu," da "na gode ƙwarai." Yaren gari a bakin Tela ya zama yaren murmushi.

Da yara suka zo, abin ya rabu gida biyu ba tare da kowa ya shirya ba. In Lauya ta kawo sakamako mai kyau, da yaren gari ake yaba mata. In Auta ya faɗi ya kurje gwiwa, da yaren gari ake rarrashinsa. Ko "ina son ku" da shi take faɗa, domin da Hausa kalmar nauyi take mata a harshe, ita da ba ta taɓa jin ta daga bakin tata uwar ba. Amma bari wani ya zubar da shayi a kan yadin mutane. Nan take yaren gari zai tattara komatsansa ya gudu, Hausa ta fito tsaf, da karinta da gishirinta.

Direba ne ya fara lura. Wata ranar hutunsa yana kishingiɗe ya ji Auta yana ce wa kyanwar maƙwabta, "Tashi ki ba mutane wuri, mara aikin yi."

Ya ce, "Maman yara, kin ji ɗanki kuwa?"

"Na ji. Akwai kuskure a ciki?"

"Babu. Amma yaran nan Hausarsu ta 'yan sanda ce."

Ta zare fil ɗaya daga baki ta nuna shi da shi. "Hausa ce dai ko? Nuna mini ɗan wani a garin nan da ya iya ko rabinta."

Bai nuna ba, don babu. Tela ta mayar da fil ɗinta, maganar ta wuce.

Matsalar ita ce Inna, mahaifiyar Tela, wadda ba ta taɓa ganin jikokinta ba sai ta waya. Kowace Juma'a Tela ce ke riƙe wayar. Ta kanga wa Lauya ta ce, "Ina wuni, Kaka." Ta kanga wa Auta ya ce, "Lafiya lau." Kafin tsohuwa ta jefo tambaya ta biyu, Tela ta janye wayar ta ce ai sun ruga wasa, kin san yara. Shekara da shekaru ana haka, asiri a rufe.

Sai ciwon yanar ido ya rufe wa Inna ido biyu. Likitan da Tela ta samo a garin ya ce aiki ne mai sauƙi, amma ɗaya bayan ɗaya za a yi, da mako uku a tsakani, kuma a riƙa ɗiga magani sau huɗu a rana ba fashi. Inna ba ta tambayi zafin aikin ba, ba ta tambayi jirgi ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Ke kina shago, mijinki na kan titi. Ni da wa zan yi hira? Da bango?"

"Haba Inna, jikokinki fa? Suna hutun makaranta. Hausa a bakinsu kamar ruwa."

"Kin tabbata? Ni fa ba na zama inda ba a magana. In na ji shiru, jakata zan ɗauka."

"Ke dai ki zo. Sai kin toshe kunne."

Da ta ajiye wayar, Direba ya dube ta ya ce, "Kamar ruwa?"

Ta ce, "Kwana goma gare ni kafin ta iso. Na taɓa rage rigar amarya a awa biyu."

Washegari aka buɗe makaranta a teburin cin abinci. Tela ta rubuta jimloli shida a bayan katin awo: sannu da zuwa, ya hanya, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ga ruwa, sai da safe. Ta ɗaura ɗankwali irin na Inna, ta zauna a kujera ta zama Kaka, yara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Auta ya haddace duka a kwana biyu, sai dai yana jero su a numfashi ɗaya, daga sannu da zuwa har sai da safe, ya miƙe ya tafi.

A rana ta ƙarshe ta kafa doka. Da yaren gari ta kafa ta, don kada a ce ba a gane ba.

"Duk wata magana da kuka taɓa ji a bakina da Hausa, in ba ta cikin katin nan, kada wanda ya kuskura ya faɗa a gaban Kaka."

Lauya ta ɗaga hannu. "Har da 'wannan ɗaki ne ko juji'?"

"Musamman ita."

"'Ka ga idona?' fa?"

"Ita ma."

"To Mama, ai ba abin da ya rage."

"Ya rage guda shida. Sun isa."

Inna ta iso ranar Talata, 'yar ƙaramar tsohuwa mai babbar murya, da jaka ɗaya mai igiya. Yara suka durƙusa, suka sauke karatunsu ba tuntuɓe. Ta shafa kansu, ta laluba fuskar Auta da tafin hannu ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Kai, an cuce ni, ɗan tsurut da shi. Me ka tanadar mini?"

Auta ya dubi uwarsa. Ya dubi katin da ke leƙowa daga aljihun yayarsa. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

Inna ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. A kwana na uku ta daina dariya.

An yi aikin idon dama lafiya, aka dawo da ita da bandeji. Da safe Tela ta sauka shago, Direba ya tafi bas, gida ya rage daga tsohuwa sai yara. Su shigo su ce ya jiki, su ce ga ruwa, su koma ɗakinsu su rufe ƙofa suna raɗa da yaren gari. In ta kira su ta fara ba su labari, sai su tsaya ƙiƙam kamar masu jiran allura, bakinsu cike da amsoshin da aka hana su. Talabijin na magana da yaren da ba ta ji. Tagar falo na kallon bangon wani bene. Ita kanta Tela, don kada uwarta ta ji irin bakin da take yi wa yara, ta koma yin faɗa da yaren gari, faɗan da ba ya kama jiki. Ta ce wa Auta ya sauko daga kan kujera da irin muryar da take ce wa mai gyara ya dawo ranar Laraba. Bai sauko ba.

Gidan da maƙwabta suka saba ji tun daga matattakala ya yi tsit.

A kwana na tara da yin aikin, da safe, Tela ta fito da kwalbar magani ta tarar da Inna zaune a bakin gado, mayafi a kafaɗa, jaka a ɗaure a gabanta.

"Inna, ina zuwa haka?"

"Gida. Ki ce wa mijinki ya canza mini tikiti."

"Saura ɗaya idon fa! Kwana goma sha biyu kawai."

"Ido ɗaya ya ishe ni ganin hanyar ɗakina. Can ko akuya ta yi kuka na san da ni take. Kin ce mini ruwa. Ina ruwan? Yara kamar an aiko su daga ofis."

"To bari in ɗiga miki maganin tukuna."

"Ba na so. Ɗauke abinki."

Tela ta yi lallami, ta yi roƙo, ta kawo sunan likita. Inna ta juya fuska bango. Ga shi ƙarfe tara wata mata za ta zo karɓar rigar da za ta sa a wurin neman aiki, ba a ko kafa zif ɗin ba. Tela ta dangwarar da kwalbar a kan tebur, ta ce wa yara su zauna shiru, ta sauka. Ranar ce aka fara ganin ta ɗinka zif a karkace ta farke. Matar ta tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, ta ji kanta kamar Auta.

Wajen sha ɗaya ta rufe shago ta hau sama, tana shirya yadda za ta faɗa wa uwarta gaskiya. A mataki na ƙarshe ta tsaya cak. Murya ce ke fitowa ta bayan ƙofa, 'yar siririya, da Hausa garau.

"Buɗe idon nan."

Muryar ta ƙara tashi.

"Magana nake yi. Kunnenki na ado ne?"

Fil ɗin da ke bakin Tela ya faɗi ƙasa. Ta tura ƙofa a hankali ta leƙa. Auta ne tsaye a gaban Inna, kwalbar magani a hannun dama, hannun hagu a ƙugu. Agogon da aka saita don maganin ya yi ƙara tun ɗazu, shi kuma a duniyarsa ba a taɓa jin agogon magani ya yi ƙara an ƙi sha ba. Ya duba katin, babu jimlar da ta dace. Lauya na bayansa tana jan rigarsa tana raɗa masa cewa Mama ta hana.

Inna ta juyo da fuskarta daga bango sannu a hankali. "Kai, da wa kake?"

Auta ya ja kujerar roba ya zauna daf da ita, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda duniya ta gajiyar. Ya ce, "Ba inda za ni, ba inda za ki. Ni da ke, za mu ga wanda zai gaji."

Tela ta runtse ido. Maganar da take yi masa ke nan duk lokacin da ya ƙi shan maganin tari, har da ɗora ƙafar. Ta jira saukar aradu.

Abin da ta ji wani sauti ne kamar tukunya ta fara tafasa. Kafaɗun Inna na rawa. Sai dariyar ta ɓalle, irin wadda ba a ji ba tun ranar Talata, har tana dafe bandeji tana cewa, "Wayyo idona, wayyo ɗinkin likita!"

Da ta samu numfashi ta ce, "Sake faɗa."

Ya sake.

"Ja'iri! Ka san maganar wa ke nan? Tawa ce! Lokacin da uwarku take sa'arka, ta yi zazzaɓi ta ƙi shan magani, ta shige ƙarƙashin keken ɗinki. Na ja kujera na zauna na faɗa mata haka. Har azahar muna nan. Ita ta gaji." Ta gyara zama, mayafin ya zame bai dame ta ba. "Sai me kuma? Me kuka iya? Ke mai raɗa a bayansa, matso."

Lauya ba ta gane duka ba, amma ta gane an buɗe ƙofa. Ta dubi jakar da ke tsakiyar ɗaki, ta gyara murya ta ce, "Wa ya ajiye wannan a hanya? Sai wani ya karye?"

"Tawa ce! Ci gaba."

"Wannan ɗaki ne ko juji?"

"Tawa!"

Auta ya ce, "Cinye shi tas, ba a zubar da abinci a gidan nan."

"Wannan ta kakata ce ma, ni ma gadonta na yi."

"Zauna wuri ɗaya kamar mutum."

"Tawa."

"Kai, matsa mana! Titin na ubanka ne?"

Inna ta dakata. "A'a. Wannan ba daga gidana ta fito ba."

Lauya ta yi alamar riƙe sitiyari ta ce, "Baba."

Tsohuwa ta kifa kai a gwiwa. Da ta ɗago, ta nuna Auta ta ce, "To ni ma bari in rama. Kai, dubi kanka kamar ƙwallo, da wannan kan za ka aure ni?"

Auta bai san ƙwallo ya shigo maganar ta ina ba, amma ya san muryar, ya kuma san abin da ake mayarwa. Ya ce, "Ni sa'anki ne?"

"Inyee! Lallai na yi miji. Zo ka ɗiga mini, kafin ka kira mini hukuma."

Lauya ce ta karɓi kwalbar, don hannunta ya fi tsayawa. Ta ɗaga gefen bandejin yadda ta ga uwarta na yi, ta ɗiga ɗaya, ta ce, "Kin gani? Kin mutu?"

A nan Tela ta kasa ci gaba da laɓewa. Ta shigo, tef a wuya, ba ta san inda za ta sa idonta ba. Yara suka yi tsuru-tsuru. Ta fara cewa, "Inna, ki yi haƙuri, wallahi na hana su..."

"Kin hana su? Ashe ke ce! Kwana da kwanaki kin bar ni da ga ruwa, ga ruwa, kamar kifi, alhali yara na da baki haka?"

"Ai ba maganar da za a yi wa babba ba ce."

"Babbar wa? Jikokina ne. In ba su tsokane ni ba, wa za su tsokana, liman?" Ta kama hannun Auta ta zaunar da shi a gefenta. Sannan ta karkato da kai wajen 'yarta, muryar ta ɗan sauka. "Amma ke ma dai. Duk abin da ke gidana, faɗan kaɗai kika kwaso? Ina labaran da nake miki in ina ɗinki? Ina waƙar da nake miki in kin yi zazzaɓi?"

Tela ta ɗaga kai. Ko a gaban uwarta ba ta iya barin magana ta faɗi ƙasa. "Inna, tsakani da Allah, faɗan ya fi yawa."

"Don kin fi kowa kunnen ƙashi."

Lauya ta yi tsalle ta nuna ƙaninta. "Kunnen ƙashi! Shi ne!"

"A'a, 'yar nan. Uwarki ce ta asali, shi reshe ne."

Lauya ta matso kusa da uwarta, ta tambaye ta da yaren gari, a hankali, me Kaka ta ce game da waƙa. Tela ta fara amsawa da yaren gari, sai Inna ta daka mata tsawa ta ce a gidan nan, daga yau, wanda zai yi magana a gabanta ya yi da yaren da take ji. Tela ta dafa kan 'yarta, ta nemi kalmomin, ta same su a wani wuri da ta daɗe ba ta leƙa ba. Ta ce, "Waƙa ce ta rarrashi. Ana yi wa yaron kirki. Irinki."

Lauya ta juya kalmar a baki. "Kirki. Faɗa ne?"

"Ba faɗa ba ne."

Inna ta girgiza kai. "Kin ji ko? Shekara tara yarinya ba ta san kirki ba, amma ta san juji. Aiki ya same ni a gidan nan." Ta sa ƙafa ta ture jakar gefe, ta zare mayafin ta ninke a cinya. Auta ya riga ya jingina da ita yana wasa da igiyar jakar, tana ce masa ya bari, yana ce mata sau nawa zai faɗa.

Ta ɗago fuskarta mai bandeji wajen Tela.

"Ke, tsaya nan kina kallona kamar baƙuwa. Ɗauki jakar nan ki mayar mini saman kabad. Kuma don Allah ki kira likitan nan ki ce ya shirya wa ɗaya idon, ina so in ga fuskar mara kunyar nan da ido biyu."